Sawun da Shanu Suka Taka

"Ba zan sa hannu ba, ranka ya daɗe."

Maigari Haliru bai janye biron da ya miƙo mini ba. Dattawan da ke zaune a zauren kowa ya sami abin kallo a kan tabarma.

"Mi kika ce, Zulai'atu?"

"Takardar ta ce sawu ya mutu a Tungar Tamada. Ni ban ga inda ya mutu ba. Na dai ga inda muka daina bi."

"Ubanki da bakinsa ya ce ya gaji."

"Shi ya gaji. Ni ban gaji ba."

Wani dattijo ya ja tsaki, ya ce abin da boko ke yi wa ɗiya mace ke nan. Ban dube shi ba. Shanunsa goma sha huɗu na yi wa allura a wannan watan, bai ce boko ba.

A safiyar ranar aka wayi gari shanu tara sun ɓace daga garken Maigari. Gurbin Kanya ƙaramin gari ne a ƙasar Ngaski, tafiyar awa biyu a babur daga Wara idan hanya ta yi kirki. Shanu sun fi mutane yawa a cikinsa. Bazara ce, ƙasa ta bushe ta tsattsage, ciyawar da ta rage kuwa tana cikin gandun dajin gwamnati, inda doka ta hana kiwo. An tarar da makiyayin Maigari zaune a bakin garke, jini ya bushe a goshinsa. Ya ce mutum huɗu ne, sun rufe fuska, sun buge shi da gora kafin asuba. Makiyayin nan yayana ne, Bilyaminu.

Muna da al'ada tun kakanni. Idan aka yi satar dabba, mai bin sawu zai bi. Duk garin da sawu ya shiga, sai mutanensa su nuna inda ya fita daga ƙasarsu. Idan suka kasa, laifin nasu ne. Babana, Mati, shi ne mai bin sawun yankinmu shekara talatin, har idonsa ya rufe. Tun da na dawo daga makarantar koyon aikin dabbobi na zama idonsa. Ni ke gani in faɗa, shi ya taɓa da hannu ya yanke hukunci, ni kuma in rubuta takardar da ake kai wa 'yan sanda a Wara.

Ran nan mun bi sawun tun hantsi, rabin gari na biye da mu da sanduna. Ya bi ta bayan Tungar Tamada, 'yar ƙauyen Kambari manoma mai gida bakwai a bakin fadama. Can Baba ya durƙusa, ya daɗe yana shafa ƙasa. Ya rage murya.

"Sawun mutum nawa kike gani?"

"Ɗaya, Baba. Takalmin taya."

"Wa ya taka wani? Shi ya taka na shanu, ko su suka taka nasa?"

Na duƙa na duba da kyau. "Su suka taka nasa."

Ya janye hannunsa daga ƙasa. Muka ƙara 'yar tafiya, sawun ya hau wani fako mai marmara inda kofato ba ya barin alama. Nan Baba ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa, ya ce ya gaji, a mai da shi gida. Ban taɓa jin ya faɗi haka a kan aiki ba. Kafin azahar 'yan banga sun ɗaure Daniel, ɗan tsoho Tamada.

"To, Malamar shanu," in ji Maigari, yana naɗe takardar. "Na ba ki zuwa jibi da hantsi. In ba ki kawo wani abu ba, Daniel zai wuce Wara, mu kora shanun nomansu, su kuma su tashi daga fadamar can. Da hannunki ko ba da shi ba."

*

A wani shagon dusa da ba a amfani da shi aka ajiye Daniel. An ɗaure hannuwansa ta baya, igiyar ta nutse, yatsunsa sun kumbura. Mai gadin ya ce in yi sauri.

"Malama, ke ma kin zo ki ce ni ne?"

"Na zo in tambaya. Bara ka ce wa yayana sai ya yi kuka da shanun nan. Gaban mutane ka faɗa."

"Na faɗa. Sun cinye mini dankali rabin gona, ya tsaya yana goge haƙori da asuwaki. In ke ce mi za ki ce? Sannu da aiki?"

"Ina kake da asubar yau?"

"Ina kwance. Shaidata matata ce, an ce shaidar mata ba ta ci." Ya ɗaga ƙafa ya nuna mini takalminsa. "Ga shi nan, na taya. Sun ce shi ne sawun. Dubi ƙafar mai tsarona."

Na duba. Iri ɗaya ne, kamar na kowane namiji a garin, daga rumfa ɗaya a kasuwar Wara.

Daga nan na wuce tungar. Mata sun fara ɗaure tukwane a zane. Mariyamu, matar Daniel, ba ta ba ni wurin zama ba.

"Mun ji wucewar shanun," ta ce, ba ta kalle ni ba. "Na tashi hura wuta. Tafiya kawai, sannu a hankali. Ba kuka, ba ihu, ba ƙarar sanda. Na ɗauka masu su ne."

"Kin faɗa wa Maigari?"

Sai a sannan ta dube ni. "Ke da kika yi karatu, ki faɗa mini wa zai saurara."

A hanyar gida wani abu kuma ya riƙa cina. Na san shanun nan tara ɗaya bayan ɗaya, don ni ke ba su maganin tsutsa. Su ne mafiya rama a garken, har ana ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa. Ɓarawon da ya yi kasadar ransa, me zai sa ya tsallake bijimai ya zaɓi waɗannan?

*

Akwai wata magana da ke yawo a garin, wai ma'aikatan gandun daji kan kama shanu su sayar. Washegari da sassafe na hau babur ɗin ƙungiyar makiyaya na nufi shingensu. Na sami shugaban wurin, Philip, yana wanke takalmin aiki.

"Mu kuma yau mu ne ɓarayin?" Ya yi dariya marar daɗi. "Zo ki ga turken da muke ɗaure abin da muka kama."

Babu komai ciki sai tsohon kashin shanu da ya bushe tun damina.

"Mu uku ne a nan, Malama, babur ɗaya. Dajin kuwa ya fi ƙarfin mutum ɗari. Ba shanu ke damuna ba yanzu, mafarauta ne. Sun koma zuba maganin ƙwari a 'yan kududdufan da suka rage, duk abin da ya sha ya faɗi. Tun jiya nake hangen ungulu suna shawagi ta kudu, ban sami mai ba balle in je."

Na ce masa akwai mai a babur ɗina, amma sai na gama wani abu tukuna. Gaskiyar ita ce ban haɗa maganarsa da shanunmu ba a lokacin. Na koma gida ina jin na ɓata rabin yini.

Da la'asar na zauna a kan wani kututture a bakin gari, inda shanu ke wucewa zuwa mashaya. Garke uku suka wuce ni. Ba wani abu nake nema ba, ƙafafuna ne suka gaji. Na huɗun na Maigari ne, Bilyaminu na gaba da tsumma ɗaure a goshi, sandarsa gicciye a kafaɗa, yana yin irin kiran nan nasa daga maƙogwaro. Shanun suna biye da shi a jere. Da suka wuce na sauke idona ƙasa. Sawun takalminsa duk kofato ya tattake shi.

Abin da kowane yaro a garinmu ya sani ne, ni da takardar shaidata sai a lokacin ya faɗo mini. Baƙo korar shanu yake yi daga baya, da sanda, suna watsewa yana tarowa, sawunsa a kan nasu. Shanunmu ba sa bin bayan kowa sai wanda suka san muryarsa.

*

Na tarar da Baba a ƙarƙashin rumfa yana tufka igiya. Inna tana tankaɗe a ƙofar ɗaki.

"Baba, tun jiya ka sani."

Hannunsa bai tsaya ba. "Na sani."

"Ka bari aka ɗaure mutum."

"Shekara talatin ban taɓa karkatar da sawu ba. Jiya ma ban karkatar ba. Na zauna ne."

"Zaman naka ya tashi gida bakwai."

Inna ta ajiye rariya. Ba ta kiran sunan Bilyaminu, don ɗan fari ne. "Yayanki fa ake magana, Zulai. Wanda ya goya ki ya tsallaka da ke rafi zuwa makaranta. Su waɗancan su wa gare ki? Ƙasa da faɗi, su yi gaba su sake bukkoki."

"Inna, in kin ga hannun Daniel ba za ki ce haka ba."

"Ban gani ba, kuma ba na son gani. Nawa na sani."

Na jira Bilyaminu a bayan garke bayan ya turke maruƙa. Na ce masa na sani. Bai yi musu ba, sai warware igiya yake yi yana sake naɗewa.

"Yaya, ka je ka faɗa da bakinka. Zai fi sauƙi. Ina shanun suke?"

"Ke ba ki san komi ba. Kin iya allura, shi ke nan."

"To sanar da ni."

"Ki sa hannu a takardar mutane ki huta, ki bar mu mu huta." Ya juya ya tafi. Yayana da ba ya iya cin tuwo sai ya tsokane ni, ran nan ko fuskata bai iya kallo ba.

Rana ba ta faɗi ba tukuna. Na koma fakon ni kaɗai, na yi abin da Baba ya koya mini: idan sawu ya ɓace a wuri mai tauri, kada ki nema a tsakiya, ki zagaye gefensa. Na zagaya, ƙaya na yagar zanena. A gefen kudu, inda marmara ta koma rairayi, sawun ya fito. Bai waiwayi tungar ba. Ya miƙe ya wuce dutsen iyakar gandun. A gefensa kuma ga wasu tsofaffin sawaye, na kwana uku, na mako, shiga da fita. Hanya ce da aka saba bi.

Na kira Philip. Muka bi sawun har wani kududdufi da sauran haske. Wari ne ya fara tarbarmu. Shanun suna nan su tara, wasu a bakin ruwan, wasu sun ɗan ja jiki kafin su faɗi, matattun ungulu biyu a gefensu. Na gane wata karsana a cikinsu mai karyayyen ƙaho. A kan wani dutse kusa da ruwan akwai busasshen jini, inda mai gudu ya yi tuntuɓe. Na ɗauki hotuna da wayata.

*

Da hantsi gari ya taru a ƙofar Maigari. An kawo Daniel, tsoho Tamada na tsugune a bayansa. Philip ya tsaya gefe da kayan aikinsa. Bilyaminu na jingine da bango. Baba ma ya zo, wani maƙwabci ya jawo shi, ban san zai zo ba.

Na miƙa wayar. Ta zaga hannu zuwa hannu, surutu na tashi a duk inda ta isa. Maigari ya daɗe yana kallo.

"Allah ya isa," ya ce. "Ɓarayin sun kora su daji don su ɓoye, suka kashe mini su. Wanga bai wanke kowa ba."

"Gaskiya ne, ranka ya daɗe. Ina roƙon abu ɗaya. A kwance Daniel, a fito da sauran shanunka, ya shiga gabansu ya kai su mashaya."

Aka yi dariya. Maigari ya ce wasan yara ne wannan, amma mutane sun riga sun fara matsawa wajen garke, don kowa na son kallo. Aka kwance Daniel. Ya shiga gaban shanun yana kira, yana tafa cinya da hannun da ke iya motsi. Suka ɗaga kai suka dube shi, suka ci gaba da tuƙa. Wani bijimi ya huro masa hanci, ya ja da baya. Na ce Philip ya gwada. Na ce shugaban 'yan banga ma ya gwada, ya ƙi, aka yi masa ihu har ya gwada. Ko saniya ɗaya ba ta motsa ba.

"Sawun da muka bi na mutum ɗaya ne," na ce, na ɗaga murya don na baya su ji. "Kuma yana gaba, shanun na taka sawunsa. Ba a kora su ba, bi suka yi. Sawun yana nan, na rufe shi da ƙaya, duk mai shakka ya je ya duba. Ku makiyaya ne, kun fi ni sanin abin da wannan ke nufi."

Dariya ta ɗauke. Ba wanda ya kalli Bilyaminu, kuma kowa shi yake nufi.

"Ɗiyar boko ce ke faɗa," in ji dattijon nan mai tsaki. "A tambayi mai sawu."

Baba ya juya fuskarsa wajen muryar. "Abin da ta gani, shi hannuna ya taɓa."

Na juya wajen yayana. Na ce, "Yaya, kira su."

Ya tako a hankali har bakin garken. Bai ma kira ba. Ganinsa kawai, tsohuwar saniyar da ke jan garken ta miƙe ta nufo shi, sauran suka bi ta. Ya dafa wuyanta, ya kifa goshinsa a kai.

"Mutuwa suke yi a turke," ya ce. "Wata guda ina kai raunanan cikin gandu da asuba su ci su fito. Ran nan suka sha ruwan, suka fara faɗuwa ina kallo. Na ruga na faɗi kan dutse." Ya ɗago ya dubi Maigari. "Kai ka ce in san yadda zan yi kada su mutu. Ka ce kada in faɗa maka ko ina ne. Da na dawo na gaya maka, kai ka ce in ce ɓarayi."

"Ƙarya kake yi," in ji Maigari, bai ko ɗaga murya ba. "Wa ya ji?"

Babu wanda ya ji. Wasu daga cikin masu tsayuwar nan nasu shanun ma ta wannan hanya suka ga ƙarshen bazarar, kowa ya san haka, kowa ya yi shiru. Philip ya matso ya riƙe hannun yayana, ba da ƙarfi ba. Tsoho Tamada ya tashi ya ja ɗansa, suka bi hanyar fadama.

*

Takardar da na rubuta da kaina na kai Wara, har da maganar da Bilyaminu ya faɗa a kan Maigari. An karanta, an ce babu shaida. An yanke wa yayana wata takwas, saboda kiwo a gandu da ƙaryar da ta sa aka ɗaure mutum. Mafarautan da suka zuba gubar har yau ba a san su ba. Maigari yana nan a kan kujerarsa.

Bayan an san hanyar, ma'aikatan gandun suka tsare ta. Kafin ruwan farko ya sauka, shanu sama da arba'in suka mutu a turke a Gurbin Kanya, kuma duk wanda tasa ta faɗi sunana yake ambata. Ƙungiyar makiyaya ta karɓe babur ɗinta, ta ɗauko wani daga Yelwa yana yi musu allura. Idan na shiga layin rijiya, mata sukan matsa su bar mini fili mai yawa. Ba a sake kiran Baba bin sawu ba. Yana cin abincin da na dafa, yana amsa gaisuwata, iyakarta ke nan.

Tungar Tamada tana nan, gida bakwai. Yatsu biyu na hannun Daniel na dama ba su sake lanƙwasuwa ba. Mariyamu ta taɓa aiko mini da dankali a kwando, ba saƙo. Inna ta zubar wa awaki.

Na je wurin Bilyaminu sau uku, sau uku yana cewa a ce mini ba ya fitowa. Ya gama watanninsa ya wuce kudu da shanun wani, bai biyo ta gida ba. Tun ranar taron nan Inna ba ta sake kiran sunana ba, shekara biyu ke nan, a gida ɗaya muke kwana. In tana son wani abu sai ta faɗa wa bango.

An tambaye ni ko da na san haka za ta kasance da na karɓi biron. Da ban karɓa ba. Amma kada wani ya ce mini na ci riba. Na rasa aikina, na rasa garinmu ina cikinsa, na rasa yayana, uwata kuma tana raye ba ni da ita.